Ɗayar Kankanar

"Kaka, kin sake faɗuwa!" in ji jikata 'yar shekara huɗu, tana tsalle a kan tabarma.

Uwarta ce ta yayyanka kwalin sabulu ta zana mata kayan lokacin zafi bibbiyu: rana, fanka, kankana, lema, ƙanƙara. A kife su, kowa ya buɗe biyu, in sun zo iri ɗaya ya ci. Ni kuwa da gangan nake faɗuwa. Da furfurata zan tsaya kokawa da yarinya a kan kwali?

Sai na jiyo 'yata a kicin tana yi wa mijinta raɗa: "Ba don yarinyar kaɗai na yi katin nan ba. Inna ko ɗaya ba ta haɗawa. In haka ne, ba zan ƙara bar mata ita in tafi aiki ba."

Au, jarrabawa ake yi mini? To, bari su gani.

Na kira su, na gyara zama, na buɗe kankana. Yanzun nan fa na ga ɗayar. Na buɗe wani, fanka. Na sake, lema. Gumi ya karyo mini, ba kuma na zafin gari ba.

Sai jikata ta turo wani kati da yatsan ƙafa, ta manna baki a kunnena.

"Ga ta nan, Kaka. Kar ki damu, ban gaya wa Mama kin manta ni a shago jiya ba."

Na kalle ta. Wane shago?