Gwangwanin Baba

Rana ba ta gama ɗagawa ba mai gadi ya haye saman benen da yake gadi, yana jibgar wani tsohon gwangwani kamar shi ya yi masa laifi. Tattabaru kuwa ko a jikinsu.

Wata guda ke nan da ya gaji aikin daga surukinsa, wanda ciwon gwiwa ya zaunar. Aikin ya zo da ɗaki a ƙarƙashin matakala, kuma a ɗakin nan matarsa ke jiran haihuwa yau ko gobe. A cikin wata gudan nan tattabaru suka mayar da gidan nasu. Sun ɓata shanya, sun toshe indararo, sun yi wa motar likitan hawa na biyu farin fenti kyauta. Mai benen ba ta da dogon zance: kwana uku, ko tsuntsaye su bar gidan, ko shi ya bari.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya shimfiɗa raga, suka bi ta ƙasa. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, suka yi sheƙa a aljihun.

Telan da ke hawan ƙasa ne ya ba shi haske. "A zamanin tsohon nan, surukinka, ko gashin tattabara ba ma gani. Kullum da safe dai mukan jiyo shi can nesa yana buga gwangwani."

Ya sami gwangwanin a rataye jikin ƙofar baya, wadda ke fita fili, da ɗan sanda ɗaure a jikinsa. Ya kakkaɓe ɓuntun da ke ciki, ya haura sama da shi. Bai tambayi surukin ba. Da wane baki zai ce tsuntsu ya gagare shi?

Ranar farko ya buga, ashirin suka sauko. Rana ta biyu ƙirga ta gagara. Ba sa ko firgita, sai su kewaye ƙafafunsa, su karkace kai suna kallonsa. Raini ne tsagwaronsa, in ji zuciyarsa, ya ƙara ƙarfin duka. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya ƙi shiga, tsoro ya cika shi.

Yau kwana na uku. Hannunsa ya yi kanta, rufin ya yi shuɗi da tattabaru, ga motar mai benen tana oda a bakin ƙofa. Sai ya ji takun sanda a matakala, a hankali. Surukin ne, ya zo duba 'yarsa, ƙarar ta jawo shi sama.

Tsohon ya tsaya yana haki. Ya dubi tsuntsayen, ya dubi gwangwanin.

"Baba, yadda kake yi nake yi, sun ƙi tafiya."

"Su tafi ina, ɗana? Shekara ashirin da gwangwanin nan nake kiransu cin abinci can fili, don su bar mana gida."