Rafin da Kaka Ta Yi wa Makoki

"Tsaya, tsaya!" Kaka ta daki kafaɗata har na kusa sakin sitiyari. Ta nuna wani tsagaggen dutse a ƙarƙashin gada. "A kansa nake wanki ina budurwa. Rafinmu ne!"

Tun da aka tashe su daga ƙauye don gina Abuja take makokin rafin nan, wai an binne shi da siminti. Asibiti na ɗauko ta zan kai ta, amma ta ce likita ya jira.

Muka bi ruwan, motar tana rarrafe, Kaka ta leƙa ta taga tana nuna hanya. Ya shige kwalbati, gabanmu ya faɗi. Ya ɓullo a bayan katangun manya, muka tafa.

Sai ga shi ya faɗa tafkin Jabi, inda jiragen shaƙatawa ke yawo.

Kaka ta tuɓe takalma, ta shiga ruwan, ta rangaɗa guɗa.

"Jikata, duba! Da ko idon sawuna ba ya rufewa. Ashe ba mutuwa ya yi ba, arziki ya yi a birni!"