Saura Maki Uku

"Saura maki uku," in ji jami'in duba gidaje, ya rufe littafinsa. "Ba zan iya ba ku shaidar ba."

Tsohuwar ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafarta ba. Dinari dubu tara ɗanta ya zuba a gidan nan na gefen Amman, ya sa tagogi masu tare zafi da faifan hasken rana, duk don a rubuta cewa gidan ba ya ɓarnar ruwa da wuta, darajarsa ta tashi.

"Mama, ki tashi daga bakin ramin nan mana, kina ba ni kunya a gaban baƙo," in ji ɗanta.

Kwana huɗu ke nan tana zaune a kan murfin ƙarfen, ta hana a cike ramin da kankare a yi wurin ajiye mota.

"Wane rami?" jami'in ya tambaya.

Ta ja kujerarta gefe, ta ɗaga murfin, ta zura guga. Ya fito cike da ruwan saman bara, garau, mai sanyi, a unguwar da famfo ke zuwa sau ɗaya a mako.

Jami'in ya wanke fuska, ya sake buɗe littafi. "Maki biyar, Hajiya."

Ranar da takardar ta iso ɗauke da sunan ɗanta, ya tambaye ta inda za a rataye ta.

"Kai wa kakanka maƙabarta," ta ce. "Shi ya haƙa, kai ka biya."