Furannin da Timaima ta Kai Levuka

Ka taɓa kewar mutumin da ko hotonsa ba ka taɓa gani ba? Haka Timaima ta girma a birnin Suva. Abin da aka gaya mata game da mahaifiyarta bai cika cokali ba: 'yar Levuka ce, wani gari a can wani tsibiri, ta rasu wajen haihuwarta, a can aka binne ta. Tun tana firamare burinta ɗaya ne, ta durƙusa gaban kabarin nan ta ajiye furanni.

Sai dai a al'adarsu ɗa ba ya faɗa wa dangin uwa haka siddan. Dole dangin uba su kai fuskarsa, wato su gabatar da shi, da tabarmi da yadi da garewanin kalanzir. Kakarta ta wajen uba, jinin sarauta mai ji da kanta, ta rantse ba za a kai ba muddin tana numfashi. Baban Timaima kuwa, Malam Peniasi, wanda ya yi koyarwa a Levuka da ƙuruciya, bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Bara tsohuwar ta cika. Bana Timaima ta gama jami'a, ta ce ba ta son walima, a kai ta Levuka.

A jirgin ruwan da ya tashi daga tashar Natovi, teku ta hautsina cikin kowa, ban da Lewa. Lewa mai aikin gidansu ce, ita ta goya Timaima, kuma sunan da kakar ta laƙaba mata ke nan, wato "yarinya", har ya bi ta zuwa furfura. Ta ja Timaima gefen da igiyar ruwa ba ta duka, ta dubi sarƙar furannin da ke cinyarta.

"Da kin bar su a gida. Kafin mu isa sun yi yaushi."

"Ina ruwanki, Lewa? Je ki duba kaya kada ruwa ya jiƙa tabarmi."

Lewa ta tashi ta tafi.

Motar haya ta zagaya da su gefen tsibirin, har ga tsofaffin shagunan katako sun jeru suna kallon teku, ƙarnin kifi daga masana'anta ya cika iska. Wata tsohuwa a barandar shago ta leƙa tagar motar, ta toshe baki da hannu. Timaima ta juyo wajen babanta.

"Baba, na yi kama da ita ko? Shi ya sa?"

Peniasi ya juya yana kallon kwale-kwale. Haushi ya kama ta. Shekara da shekaru mutumin nan ya hana ta hanyar da ba ta kai yini guda ba, yau ma kalma ɗaya ta gagare shi.

A unguwar dangin uwarta, can ƙarshen gari, aka shafe ta da man kwakwa, aka naɗe ta da zanen ɓawon itace, aka shimfiɗa mata tabarmi har bakin ƙofa. Wani taubashinta mai gashi buzu-buzu ya yi ihu, "Ga 'yar birni! A riƙe ta da kyau, kada iskar Levuka ta kwashe mana digiri!" Aka fashe da dariya.

Baƙi suka shiga ta ƙofar ƙasa suna rusunawa. Lewa kuwa, da tabarma a kai, ta kutsa ta ƙofar gefe, wadda sai 'ya'yan gida ke bi.

"Baba, dubi Lewa! Za ta kunyata mu."

"Ƙyale ta."

Ba wanda ya tsawata. Can sai kuka ya ɓarke a madafa, kukan mata da yawa, mai tsawo. Timaima ta cije leɓe. Ita aka kawo, amma ana can ana kuka ba tare da ita ba.

Mai magana da yawun babanta ya durƙusa da tabua a hannu, haƙorin babban kifin teku da ba a miƙawa sai kan babbar magana. Ya daɗe yana jawabi, kuma rabinsa neman gafara ne. Kawu Sailosi, yayan mahaifiyarta, ya bar shi a durƙushe har ya gaji kafin ya karɓa. Aka tafa, aka dama yangona, abin shan gargajiya na saiwar itace, ƙoƙo ya zagaya.

Timaima ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Idonta na kan bango, inda aka jera hotunan mamatan gidan, kowanne da furensa. Ga tsofaffi, ga wani soja, ga jariri. Babu budurwa ko ɗaya. Ashe nan ma an shafe ta! Uba ya ɓoye, dangi sun manta, ita kaɗai ta yi ta dakon matar nan a zuciya.

Ta san mace ba ta tsoma baki a irin wannan zama, amma ta rarrafa gaban Kawu Sailosi da furanninta da suka yi laushi. Zanen ya kwance mata a baya, ta ji hannu ya kama yana gyarawa, ba ta ko waiwaya ba.

"Kawu, ku yafe mini. Ban zo don tabarmi ba. Ko hotonta ba ku rataya ba, to ku nuna mini kabarinta, ni zan share shi."

Tsohon ya dubi Peniasi, wanda kansa ke ƙasa kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Malam, uwarka ta mutu, amma har yau tsoronta kake ji?"

Sannan ya juyo gare ta.

"Kabarin wa, 'yata? Ƙanwata da ranta ubanki ya ɗauke ta daga gidan nan, kakarki ta mai da ita 'yar aiki, da ranta ya dawo mana da ita yau. Waiwaya ki ba ta furanninta, ga ta nan durƙushe tana ɗaura miki zane."