Murhun Inna Kande

Tun ranar da sojoji suka yi juyin mulki, hayaƙi bai sake tashi daga murhun Inna Kande ba. Wanda bai san Kwanar Dangora ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, tuwon Inna ne ke tsayar da manyan motocin Kano da Zariya, kuma in ba ta hura wuta ba, mai shayi ba ya hurawa, balle mai tsire.

Ja'afar mai faci ne ya bi rumfa rumfa yana haɗa kan jama'a su shiga yajin aiki. Ba wai yana ƙaunar gwamnatin da aka tumɓuke ba ne, don ya sha zaginta kan tsadar taki. Amma shi ya bi layi cikin rana ya dangwala mata yatsa, shi kuma ya kamata ya sauke ta in lokaci ya yi, ba wani mai kaki ba. Da ya zo wa Inna da maganar, ba ta ma bari ya kai aya ba.

"Mai faci, kife min tukwanen nan," ta ce.

Haka take kiransa. Tun da ta taso daga rugarsu ta Doguwa ta kafa rumfa kusa da tasa, ba ta taɓa ambaton sunansa ba ko da wasa. Shi dai ya ɗauka sunan surukinta ne, bai taɓa tambaya ba.

Kafin ka ce kwabo Kafin Maiyaki ta rufe kasuwa, Kiru da Tudun Wada suka bi sahu, 'yan acaɓa suka jingine babura. Sai aka turo sojoji mota biyu, da wani Kyaftin dogo siriri, marar yawan magana. Wurin Inna ya fara zuwa. Ya tsaya a bakin rumfa, ya cire hula ya gaishe ta, sannan ya roƙe ta ta ɗora tukunya, a zauna lafiya.

Inna ta juya fuskarta ga zana, ko kallon arziki bai samu ba.

"Mai faci, gaya wa wannan mutumin icena ya jiƙe."

Ana tsakiyar rani fa, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Mutane suka ƙunshe dariya. Ja'afar kuwa bai yi dariya ba, don ya san soja ba ya haɗiye raini. Amma Kyaftin ya mai da hularsa ya tafi. Washegari ya aiko da busasshen ice cike da mota, Inna ta sa aka kai gidan wata mai jego a dafa ruwan wanka. Labarin tsohuwar da ta ƙi kallon soja ya kai har Bebeji.

Ranar Juma'a abin ya ƙazanta. Umarni ya zo daga sama cewa a kama jagoran yajin, a buɗe kasuwa ko ta halin ƙaƙa. Ana fitowa daga masallaci suka damƙe Ja'afar, suka cusa shi bayan mota. Kowa ya san wanda aka tafi da shi a kwanakin nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Sai jama'a suka zauna daram a kan kwalta, gaba da bayan motar, manoma da direbobi da mata masu tallan nono.

Na'urar oba-oba da ke kafaɗar Kyaftin sai ɓaɓatu take, wani babba na cewa a share hanya. Sojoji suka jeru suka saita bindigogi. Kyaftin ya ɗaga hannu sama, a hankali, zai ba da umarnin harbi. Ja'afar ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tuna matarsa Husna da yaransu, ya so ya ce wa mutane su watse, amma ya cije. In yau suka tashi, sun tashi ke nan har abada.

Sai ga Inna Kande tana ratsa mutane da sandarta. Ta wuce sahun gaba, ta tsaya gab da bakin bindiga.

"Ja'afar," ta ce.

"Na'am, Inna," in ji mai faci daga bayan mota, mamaki ya kusa mantar da shi tsoro.

Amma ba shi take kallo ba.

"Ja'afar, sauke hannunka. Ka sa na yi abin kunya a bainar jama'a, to ya isa haka."

Kyaftin ya sauke hannunsa. Ya kashe oba-oba, ya ce a saki mai faci, alhali ya san abin da wannan zai jawo masa. Ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, hawaye na bin kumatunsa.

Sai a sannan mai faci ya gane. Bafulatana irin Inna ba ta kallon ɗan farinta, ba ta kiran sunansa. Tun da aka raɗa wa Kyaftin suna a rugar Doguwa, yau ne ya fara jin sa a bakin uwar da ta haife shi.