Rijiyar da Aka Haƙa a Ɓoye

Tunda ka ce addu'a kaɗai kake so, ba ka son a tambaye ka ko a kan mene ne, to gyara zama ka ji wannan tukuna.

An yi wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, ba ya fashin sujada, sai dai akwai shi da zurfin ciki da ƙyashi. Yana da gona a bayan dutse, nesa da gari, ya daɗe yana burin haƙa rijiya a gefenta, ya yi lambun albasa da rani, ya huta da zuwa cirani. Buri ne mai kyau, ba mai kushe shi. A ikilisiyarsu kuwa akwai wani tsohon mahaƙi, wanda rabin rijiyoyin yankin shi ya haƙa su. Yanzu ido ya yi rauni, sai da sanda, amma ya san cikin ƙasar nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. To, al'adar garin ita ce, wanda ya nuna maka wurin rijiya ba ka hana gidansa ruwa. Abin da ya tsaya wa manomin a wuya ke nan. Ya hango 'ya'yan tsohon su biyar, kowa da gugansa a bakin rijiyarsa, ya ce a ransa ba da shi ba. Ƙaninsa, magidanci mai mata da 'ya'ya uku, wanda shi ne zai shiga ramin, ya ce su je su gai da tsohon su ji ta bakinsa. Yayan ya ce ƙasa ƙasa ce, ruwa kuma na Allah ne ba na tsoho ba. Duk wanda ya gamu da su da diga a kafaɗa, sai su ce ƙasar gini za su haƙo.

Amma fa bai bar roƙon Allah ba. Kowace Laraba a taron addu'a, in fasto ya tambayi masu buƙata, sai ya ɗaga hannu ya ce yana da wata buƙata a zuciya, Allah ya san ta. Akan ba wani dattijo ya yi addu'a a kai, kuma galibi tsohon mahaƙin nan ake ba. Tsoho ya miƙe a kan sandarsa ya roƙa wa ɗan'uwa nasara, jama'a su ce amin, manomin ya fi kowa ɗaga murya. Ya fita ransa fari, wai shi ya gama shiri.

Gaba uku suka haƙa cikin jar ƙasa mai tauri. A gaba ta huɗu ƙasa ta yi laushi, ta fara zuwa da danshi. Ƙanin ya yi magana daga ƙasa, ya ce yashi na zubowa ta gefe kamar gari, gabansa na faɗuwa, a dakata a nemi wanda ya sani. Yayan ya taɓa danshin da ke cikin bokiti, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce ai ruwa ne ke sallama, a ƙara kamu ɗaya kawai. Yana cikin jan bokiti na gaba sai ya ji wani sauti mai nauyi, kamar an yar da buhun hatsi. Ƙura ta taso, igiya ta ƙi janyuwa. Ya kira sunan ƙaninsa har murya ta dusashe, sannan ya ruga gari neman taimako, ga gona da nisa. Sai da la'asar mutane suka tono shi. A tsaye suka same shi, diga a hannu, bakinsa cike da yashi.

Bayan an yi biso, tsohon ya sa aka ja masa sanda har gonar. Ya durƙusa ya damƙi ƙasar da aka fitar, ya murza ta a tafin hannu. Ya ce shi ma ya taɓa haƙa a daidai nan tun yana saurayi, ya tarar da yashi mai gudu a gaba huɗu, da ƙyar ya tsira da ransa, ya mayar da ƙasa ya rufe. Ruwan yana can gabas, taki arba'in, gindin kanya, inda ƙasar marmara ce mai tauri kamar dutse, ba ta ruftawa. Manomin ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ya hana shi tambaya, bai ɓoye kome ba.

Hawaye suka bi gemun tsoho. Ya ce, "Ɗana, wane ruwa zan nema a gonarka, ni da ke da rijiya a tsakar gida? Laraba huɗu ka sa ni ina roƙa wa ramin nan albarka da bakina. Da kalma ɗaya ka faɗa mini."

Abin da ke ƙona mini rai a labarin nan shi ne, Allah bai ƙi amsa masa ba. Tun kafin ya roƙa ya ajiye masa amsar a bakin ɗan'uwa, benci biyu tsakaninsu, kowace Lahadi har hannu suke yi. Shi ne ya ɗauki mai shawara abokin rabo. Manomin nan bai sake ɗaukar diga ba. Ya tsufa yana ciyar da marayu uku, kuma har ya mutu bai iya haɗa ido da uwarsu ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.