Na Sama

Kujerar kusa da taga aka fara fitarwa. Mai ita ta je wanke hannu, ta dawo ta tarar katinta ya daina buɗe ƙofa, jakarta kuma tana hannun mai gadi. Babu wanda ya ɗago kai a zauren amsa waya, domin a wannan kamfani ko tausayi sai da izini.

Baban Waya ma bai ɗago ba. Shi ne ya fi kowa daɗewa a zauren, tun kafin a haɗa banki da inshora da fansho a gini ɗaya. A nan ya yi furfura, yana shan zagin mutanen da bai taɓa gani ba, daga wanda na'ura ta haɗiye wa kati har zuwa wanda ya manta lambar sirrinsa ya ɗora wa duniya laifi, kuma kowa da lallashi yake sallamarsa. Saboda wannan baiwar ne ma bara aka riƙa kai shi wani ɗan ɗaki mai bangon soso yana karanta jimloli, wai don koyar da sababbin ma'aikata. Ko sannu ba a ce masa ba.

Shugabar sashen, a bayan idonta, Agogo ake ce mata, saboda har shiga bayi sai ta auna wa mutum lokaci. Ita ta kawo labarin sabon ma'aikacin da aka zaunar a hawa na sama. Ba ya gajiya, in ji ta, ba ya ƙorafi, ba ya zuwa neman izinin kai uwa asibiti. Tana faɗa tana kallon Baban Waya. Daga ranar aka laƙaba wa baƙon suna Na Sama, daga ranar kuma kujeru suka fara ƙarewa.

Baban Waya ya tsane shi, tsana mai hana cin abinci. Bai taɓa haɗuwa da shi ba, ko a lif ko a bakin ƙofa, wannan kuwa ya ƙara tabbatar masa ɗan gata ne, ƙila ma ɗan'uwan Agogo, irin waɗanda ake shigowa da su ta bayan fage. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu kira. Sai mutum ya ce masa ai jiya da muka yi magana ka fi haka fara'a, alhali jiyan ko aiki bai zo ba. Wato ɓarawon har salon maganarsa ya kwaikwaya.

Ran Alhamis Agogo ta kira shi ofishinta na gilashi, ba ta ce ya zauna ba.

"A ƙarshen wata, mutum ɗaya zai rage, kai ko shi," ta ce. "Kuma ba na jin zaɓen zai ba mu wahala."

Ya fito yana tunanin mahaifiyarsa, wadda da katin asibitin kamfanin ake wanke mata ƙoda. In kujera ta tafi, katin ya bi ta.

Akwai dai doka ɗaya da ba ta san ɗan gata ba: duk wanda ya ɗaga wa mai kira murya, a ranar zai tattara komatsansa. Baban Waya kuwa ya san duk wata kalma da ke kai mai amsa waya bango, don da shi aka gwada su. Safiyar Asabar ya ari wayar matarsa, ya zauna a falo, ya kunna ɗaukar magana, ya buɗe lasifika, sannan ya kira layin sama a matsayin mai asusu da ya fusata.

Aka ɗauka tun kafin ta gama ƙara. Jin muryar kawai ya ba shi haushi, wata murya ce ta hanci, mai jan kalma, mai ladabin ƙarya. Ya rasa abin da mutane suka gani a wannan sakaran.

Ya fara da ƙorafi, ya wuce zuwa gatse, ya dire a kan zagi. Ya kira shi ɗan alfarma, ya kira shi maciyin abincin wasu, ya taɓo har iyayensa. Na Sama ya bari ya gama, ya yi ɗan gyaran murya.

"Kwantar da hankalinka, yallaɓai, ina tare da kai."

Baban Waya ya miƙe tsaye.  Duk zagin da ya haɗiye a zauren nan ya amayo shi kan mutum ɗaya, har ya manta tarko ya zo ɗanawa. Shi kuwa wancan ko gezau, sai wannan gyaran muryar da wannan ladabin, kamar mai yi masa dariya a ciki.

Bai san matarsa ta bar guga ta zo bakin ƙofa ba, sai da ta yi magana.

"Baban yara, lafiya kake zagin kanka da safen nan?"

Ya dafe bakin wayar, ya harare ta, ya ce ta bar masa wasa, da ɗan'uwan Madam Agogo yake, wanda zai cinye masa aiki.

Ta ƙara kasa kunne. Daga ƙarƙashin tafin hannunsa muryar tana ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka da shi.

"Wane ɗan'uwa?" ta ce a hankali. "Da muryar nan aka nemi aurena, ko cikin barci na san ta. Babu kowa a saman nan. Kai ne suka ɗura a cikin inji."